Shin jirgin ƙasa mai gudun tsiya zai amfani 'yan kasuwar Tawa?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko jirgi irin na Maroko zai rage wa masu kai albasa daga Tawa zuwa Yamai wahala da asara. A gaskiya ba aikinsa ba ne.

Al Boraq, wato jirgin ƙasa mai gudun tsiya na Maroko wanda aka buɗe a 2018, yana gudun kilomita 320 a awa, ya mai da tafiyar Tanja zuwa Kasablanka awa biyu da 'yan mintoci, maimakon kusan biyar. Ribarsa lokaci ce: ɗan kasuwa ya je da safe, ya gama ciniki, ya kwana gidansa. Sannan tsohon layin ya samu sarari don jiragen kaya.

Inda mutane ke kuskure shi ne zaton yana ɗaukar buhuna. Fasinja yake ɗauka, kuma sai da manyan birane masu cike kujeru kullum, da wutar lantarki wadda ba ta yankewa. Mu kuwa har yanzu muna sayen wuta daga Nijeriya.

Albasar Galmi da ke ruɓewa cikin kamiyo a zafin Konni, jirgin kaya na yau da kullum take buƙata, irin layin Kano zuwa Maraɗi da ake ginawa. Amma ka tuna layin Yamai zuwa Doso: an shimfiɗa dogo, jirgi bai kama aiki ba.

Idan jari kake son zubawa kusa da wata tasha, fara tuntuɓar masana tattalin arzikin sufuri da ma'aikatar sufuri kafin ka sayi fili.