Amsa ga mai jegon da sunan Yakubu ya hana ta barci

Salamu alaikum. Ƙanwata, barka da sauka lafiya, Allah ya raya mana shi, ya ba ki lafiyar shayarwa. Na ga tambayarki: maigidanki ya yi wa jariri huɗuba da sunan mahaifinsa, Yakubu, ke kuma kin duba a waya kin ga an rubuta wai ma'anarsa mayaudari ko mai ƙwace matsayin ɗan'uwansa, sannan wata ƙawarki ta ƙara miki da cewa sunan Yahudawa ne. Kina tambaya ko ki roƙi a canza kafin ranar suna. Kada ki roƙa. Ni uwar Yakubu ce, kuma wannan maganar da kika gani a waya ta taɓa jawo wa ɗana duka a gabana, shi ya sa na kasa wuce rubutunki.

Tsofaffin 'yan wannan zaure sun san zaman da na yi a gidan farko, ba sai na maimaita ba. Abin da ban taɓa faɗa ba shi ne na ranar suna. Sunan babana aka sa wa yaron, alhali dangin miji sun so a sa nasu. Da yamma gida ya cika da mata, ina zaune bakin gado da lalle a hannu, nono ya cika yana min zogi, sai yayar mijina ta ɗaga waya sama ta ce a saurara, ta binciko ma'anar sunan. Ta karanta da ƙarfi, "mai yaudara," ta sake maimaitawa, ta ce to Allah ya kyauta, suna dai linzami ne. Wasu suka yi dariya. Innata tana zaune a tabarma kusa da ƙofa, mijinta da aka yi wa takwara bai daɗe a ƙasa ba, ta sunkuyar da kai tana jan bakin mayafinta. Har ta tafi gida ba ta ci abincin sunan ba.

Kuma matar nan ba ta bari ba. Yaro ya ɓoye takalmin wani da wasa, ta ce sunansa ne ke binsa. Ya ce bai ci abinci ba don a ƙara masa, ta ce ai mun faɗa. Ranar da ba zan manta ba, kuɗinta suka ɓace a ɗaki, yara sun fi biyar a gidan, ba ta kira kowa ba sai nawa. Yana aji biyu na firamare. Ta sa ƙaninta ya zane shi da wayar rediyo, yana ihu yana cewa wallahi Umma ban ɗauka ba, ni kuma an tare ni a bakin ƙofa ana cewa in bari a gyara shi tun yana ɗanye. Da daddare ina shafa masa man kaɗanya a baya, shatar duka ta kumbura layi-layi, ya juyo ya ce, "Umma, da gaske sunana ɓarawo yake nufi?" Kuɗin a cikin aljihun jakarta ta zuwa biki aka same su daga baya. Har yau ba ta ce masa yi haƙuri ba. Na yafe nawa, amma na yaron nan ban iya ba tukuna, Allah ya sani.

Tambayar da ya yi min ce ta sa na shiga neman asalin sunan, wajen malaminmu na Islamiyya, da wata abokiyar aikina Kirista, da duk abin da na iya karantawa. Ga abin da na samu.

Sunan da Ibrananci Ya'aƙob ne. A Littafin Farawa na Baibul, sura 25 aya 26, an ce Yakubu ɗan Ishaku tagwaye ne shi da Isuwa, ya fito yana riƙe da diddigen ɗan'uwansa, diddige kuwa a harshensu "aƙeb" ne. Ke da kika yi Islamiyya kin san kalmar, don Larabci da Ibrananci 'yan gida ɗaya ne: hadisin alwala da ke gargaɗi a kan "a'aƙab", wato dugadugan da ruwa bai taɓa ba, tushen ke nan. Ma'anar ita ce wanda ya biyo baya, wanda ya zo a kan sawun wani. Cikin sunayen Manzon Allah (SAW) da ya faɗa da bakinsa akwai Al-Aƙib, wanda ya zo a ƙarshe babu annabi bayansa, daga wannan tushen. A Suratu Hud aya ta 71 ma da aka yi wa matar Annabi Ibrahim bushara, cewa aka yi Ishaƙ, a bayan Ishaƙ kuma Yaƙub.

To ina "mayaudari" ya fito? Daga bakin Isuwa, a Farawa 27 aya 36, lokacin da yake cikin fushi yana kukan an karɓe masa albarkar ɗan fari. Ya juya sunan ɗan'uwansa ya yi masa habaici da shi. Masu shafukan sunayen jarirai suka ɗauki zagin mai fushi suka rubuta shi a matsayin ma'ana, kowa yana kwafa daga wajen kowa. Mu Musulmi ba ma jingina yaudara ga annabi ko kaɗan. Abokiyar aikina kuma ta nuna min cewa a nasu littafin, Fitowa 3 aya 6, Allah ya kira kansa Allahn Ibrahim da Ishaku da Yakubu, ta ce da sunan abin kunya ne da ba su cika coci da masu shi ba.

Akwai abin da ya fi sanyaya min rai. Masana tsofaffin harsuna da yawa suna ganin sunan gajarta shi aka yi daga Ya'aƙob-El, ma'ana Allah ya tsare, Allah ya kiyaye. An samu sunan a wannan siga a allunan yumɓu na Mesofotamiya, wato yankin Iraƙi da kewayenta a zamanin da, na wajen shekara 1800 kafin haihuwar Annabi Isa, an kuma karanta shi cikin jerin garuruwan da Fir'auna Tutmos na Uku ya sa aka sassaƙa a bangon Karnak a Masar. A Gi'iz, tsohon harshen Habasha, wannan tushen har yanzu tsarewa yake nufi. Wanda ke bin diddigenka ai shi ke tsare maka baya. Wannan na faɗa wa ɗana, na ce sunanka addu'a ce, Allah ya tsare. Ya sa na rubuta masa a bangon littafinsa.

Maganar ƙawarki kuwa, na fahimci inda zuciyarta take, duk muna ganin abin da ke faruwa a Gaza muna kuka. Amma ki tambaye ta, Yusuf fa? Dauda, Sulaiman, Zakariyya, Iliyasu, Haruna? Duk ta gida ɗaya suka zo mana. Gaskiya ne Annabi Yaƙub shi ne Isra'ila, Alƙur'ani ma ya kira shi da hakan, 'ya'yansa goma sha biyu su ne Bani Isra'ila. Wannan bai mayar da shi mallakin wata gwamnati ta yau ba. Sau 16 aka ambaci sunansa a Alƙur'ani. A Baƙara aya ta 133, yana kan gargarar mutuwa, abin da ya dame shi shi ne me 'ya'yansa za su bauta wa bayansa. Manzon Allah ya kira Annabi Yusuf mai daraja ɗan mai daraja ɗan mai daraja ɗan mai daraja, na biyun nan Yaƙub ne. Malaman nahawu sun sani tun tuni cewa sunan ba Balarabe ba ne, shi ya sa ba a yi masa tanwini, kuma hakan bai hana Larabawa sa wa 'ya'yansu ba. Alƙali Abu Yusuf almajirin Abu Hanifa, sunansa Yaƙub. Al-Kindi masanin falsafa, Yaƙub ɗan Ishaƙ. Cikin ƙira'o'i goma akwai ta Yaƙub al-Hadrami.

Ni abin da ya fi kama ni a tarihinsa shi ne uba ne da aka raba shi da ɗansa, ya yi kuka har idanunsa suka yi fari, bai daina cewa haƙuri mai kyau ba, ya ce kukansa da baƙin cikinsa wajen Allah kaɗai yake kai su. Lokacin da aka riƙe min yaran bayan na bar gidan, Suratu Yusuf nake karantawa kullum bayan isha'i, in na zo aya ta 86 sai murya ta ƙi fita. Matar nan ita ce ta tsaya kai da fata a kan kada a ba ni su, tana cewa zan lalata su, ita da ta sa aka fasa wa ƙaramin yaro baya a kan kuɗin da ke cikin jakarta. Ki yi haƙuri ƙanwata, na san ba wannan kika tambaya ba.

A ƙasarmu ma sunan ba baƙo ba ne. Mahaifin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa sunansa Yakubu, ya yi sarauta daga 1452 zuwa 1463. Malam Yakubu almajirin Shehu Usmanu ne, ya karɓi tuta ya kafa Bauchi, har yau ana cewa Bauchin Yakubu. Yakubu Nabame shi ya farfaɗo da sarautar Kabawa a Argungu. Janar Yakubu Gowon, Kirista ɗan Filato, ya mulki Najeriya daga 1966 zuwa 1975. 'Yan'uwanmu na Nijar da Mali da Burkina Faso suna rubuta shi Yacouba, kamar Yacouba Sawadogo, manomin nan na Burkina da ya dawo da itatuwa a ƙasar da hamada ta cinye, aka ba shi lambar yabo ta duniya a 2018.

In kika bi shi waje kuma sai kin riƙe baki. Girkawa suka ce Yakobos, Rumawa suka ce Yakobus, daga baya bakin mutane ya karkatar da shi zuwa Yakomus. Daga na farkon aka samu Jacob na Turanci, Jakob na Jamus, Jakub na Folan, wanda suke gajartawa Kuba. Daga na biyun aka samu James na Ingila, Giacomo na Italiya, Jaime na Sifaniya. Eh, James ɗin nan da kika sani Yakubu ne. Abokiyar aikina ta buɗe min Littafi Mai Tsarki na Hausa, wasiƙar da Turawa ke kira ta James a can ta Yakubu ce. Sarki James na Ingila da aka fassara Baibul zuwa Turanci da umarninsa, aka buga shi a 1611, Sarki Yakubu ke nan. Faransawa suna cewa Jacques. Mutanen Ayilan suka ari James suka mayar da shi Seamus, a Sikotilan ya zama Hamish. A Sifaniya Yago suke cewa a da, suka haɗa shi da kalmarsu ta waliyyi ya zama Santiago, don haka babban birnin Chile da aka kafa a 1541 sunan surukinki yake ɗauke da shi, Tiago na 'yan ƙwallon Fotugal da Burazil ma daga nan ya ɓallo. Rashawa Yakov, Turkawa Yakup, Armeniyawa Hakob, a Habasha an yi sarki Zara Yaƙob daga 1434 zuwa 1468, ma'anar sunansa zuriyar Yakubu. A Amurka, daga 1999 har 2012, babu sunan da aka fi sa wa jarirai maza kamar Jacob. Iyaye miliyoyi ba za su zauna su zaɓa wa 'ya'yansu zagi ba.

Abin da zan roƙe ki, kada ki je wa mijinki da maganar nan a yadda kika rubuta ta a nan. Sunan mahaifinsa ne. Ko ya yi shiru, zai riƙe cewa kin ce sunan babansa mayaudari, kuma in ta kai kunnen uwar miji kin sayi rigimar shekaru. In har zuciyarki ba ta kwanta ba, ki ce masa kina so ku tambayi malami tare a kan tarihin Annabi Yaƙub don ku riƙa ba yaron labari. Ki kuma share abin da kika gani daga wayarki, kada ki tura wa kowa cikin dangi, don wanda zai yi dariya yau shi zai jefi yaron da ita gobe. Duk wanda ya fara, ko da wasa ne, ko wace ce, ki tsayar da shi a ranar, a gaban mutanen da ya faɗa. Yaro yana jin abin da ake kiransa da shi tun kafin ya iya magana.

Tunda sunan suruki ne dole za ki yi masa alkunya, Abba ko Babangida ko Khalifa, wannan daidai ne. Amma ki bari babansa da malamansa su riƙa kiransa da sunan yanka, ya saba da shi, ya san na wane ne. Nawa yanzu ya kai saurayi, da kansa yake gyara wa mutane in sun ce Abba a makaranta.

Ki kuma kula da kanki. Mai jego ba ta kwana tana latsa waya tana kuka, nono yana raguwa, kai yana ciwo. Ki sha kununki da zafi, ki ba wa wata jaririn ki yi barci da rana. In kukan ya ƙi tsayawa bayan suna, ko kika ji ba kya son ɗaukar yaron, ki faɗa wa ma'aikaciyar jinya a wajen awo, ba abin kunya ba ne, yana samun mata da yawa.

Sai batun takardu. Ku zauna da babansa ku tsayar da rubutu ɗaya tun daga takardar haihuwa, ko Yakubu ko Yaƙub ko Yakub, ku bi shi a katin rigakafi da rajistar makaranta da katin ɗan ƙasa. In takarda ɗaya ta ce Yakubu wata ta ce Yaqub, ranar jarrabawar fita sakandare ko neman fasfo sai an kai ku ga rantsuwar kotu. Masu ƙasashen Faransanci a cikinmu su ma su lura da Yacouba da Yakouba. In kina son ayoyin da na ambata a rubuce don ki nuna wa ƙawar taki, ki yi min magana ta akwatin sirri in turo miki da daddare in na taso daga aiki.