A cire nonon duka ko a yanke ƙarin kawai?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya, ya sa kaffara ce. Kin ce an gano miki kansar nono, likita a Jidda ya ba ki zaɓi, ko a cire nonon gaba ɗaya ko a yanke ƙarin a bar miki sauran, su Umma kuma sun dage a cire duka. Ni ma haka aka sa ni gaba shekara biyar da suka wuce, har yayata tana kuka wai na fifita kwalliya a kan raina.

Wallahi ba haka ba ne. Tun 2002 aka fitar da sakamakon manyan bincike biyu, na likita Veronesi a Milan da na likita Fisher a Amurka, bayan an bi matan shekara 20. In an kama kansar da wuri, tsawon rai bai bambanta ba tsakanin wadda aka cire wa duka da wadda aka bar wa nata. Sai dai akwai sharaɗi, kuma nan nake so ki buɗe kunne: gashi, wato radiotherapy, inda ake gasa wurin da hasken na'ura bayan aikin. Shi ke rage dawowar ciwon da kusan rabi. Ni zama 15 na yi cikin mako uku, kullum daga Makka. In kin san kuɗi ko matsalar iƙama za su hana ki kammalawa, ki faɗa wa likitan tun yanzu, don shawarar na iya canzawa.

Bayan aikin za a auna gefen naman da aka cire. In an ga ragowar ciwon a bakinsa, sai an koma an ƙara yanka.

Kamanni kuwa, ba zan ɓoye miki ba, sai ya canza. Fatata ta yi baƙi har hammata, ta yi saɓa, rigar mama ma ban iya sawa ba sai ɗinkin auduga mai yalwa. Baƙin ya washe a hankali. Nonon dai ya ɗan tsuke, ya yi tauri wajen tabon, kansa ya karkata kaɗan. A cikin tufa ba mai ganewa, ni kaɗai nake gani a madubi. Girman ƙarin a kan girman nonon da inda ya zauna su ke yanke wannan, don haka ki roƙi likitan ya nuna miki da yatsa inda zai yanka, ki tambaye shi ko zai janyo naman gefe ya cike gurbin.

Hoton nono duk shekara nake yi. Yaushe za ki koma asibitin?