Yadda aka rabu da Tyreek Hill, da yadda muke musun abin a nan

Yaya, tambaya biyu ka haɗa mini a guda. Ka ce wane irin wasa ne ya ɗauke hankalin yaranmu har suka daina zancen Arsenal da Barcelona. Sannan ka ce an ba ka labari kulob ɗin garinmu ya taɓa rabuwa da ɗan wasansa mafi gudu bai karɓi ko sisi ba, kuma mutanen gari ba su yi bore ba. A kan ta biyun zan fi daɗewa, domin amsar ta farkon tana cikinta.

Shi wasan, ƙwallon Amurka ake ce masa, mutum goma sha ɗaya ne kowane ɓangare, kuma da hannu ake yin kusan komai. Akwai mai jifa, shi ne jagoran masu kai hari, akwai masu cafewa da ke tsayawa can gefe su zura da gudu ya jefa musu. Ana ba ku dama huɗu ku ci gaba yadi goma, in kun kasa ƙwallo ya koma hannun abokan karawa. Wanda ya kai shi ƙarshen fili ya ci maki shida. Wannan ya ishe ka bin labarin.

Kulob ɗinmu na birnin Kansas sunansa Chiefs. Mai jifansa Patrick Mahomes, wanda a 2020 ya sa hannu a kwantiragin shekara goma na dala miliyan 450. Babban mai cafe masa kuwa a lokacin Tyreek Hill ne, gajeren mutum mai gudun tsiya, wanda aka ɗauko a zagaye na biyar na zaɓen sababbin 'yan wasa na 2016, lokacin da ba kowa ke kallonsa ba. Tare suka ci kofin Super Bowl, wato babban kofin gasar, a farkon 2020. A watan Maris na 2022 ana cikin tattauna sabon kwantiraginsa sai kulob ɗin Raiders suka ɗauko wani mai cafewa, Davante Adams, daga kulob ɗin Green Bay, suka yanka masa kusan dala miliyan 28 a shekara. Farashi ya tashi a kasuwa, Hill ya ce shi ma sai an wuce masa haka. Ranar 23 ga Maris aka wayi gari an miƙa shi ga Dolphins na Mayami, su kuma suka ba shi dala miliyan 120 na shekara huɗu, wato miliyan 30 a shekara, abin da ba a taɓa ba mai cafewa ba kafin shi. Chiefs ba su karɓi kuɗi ba, gaskiyar wanda ya faɗa maka. Gurbin zaɓe biyar suka karɓa, wato damar ɗaukar sababbin 'yan wasa biyar.

A nan ne kan mai kallon ƙwallon Ingila yake kullewa. Kulob 32 ne a gasar tasu, wadda ake kira NFL, babu mai faɗawa ƙaramin rukuni, kuma kowace shekara ana yanka musu iyakar abin da za su kashe a albashi, daidai wa daida. A 2022 iyakar dala miliyan 208.2 ce, kuma a cikinta za ka biya mutum 53. Ko mai kulob yana da rijiyar mai a bayan gidansa ba zai ƙara a kai ba. Kamar kuɗin cefane ne da maigida ya ajiye ya fita: in kika zuba rabinsa a nama, to ki san da me za ki sayi manja da kayan miya. Mahomes ya riga ya ci babban kaso. Travis Kelce, wani babban mai cafe masa, da Chris Jones mai tsaro ma ba ƙananan albashi suke ɗauka ba. Saboda haka babban manaja Brett Veach da koci Andy Reid ba su tsaya tambayar ko Hill gwani ne ba, kowa ya san gwani ne. Lissafinsu shi ne mutum nawa za a rasa in an riƙe shi.

Shi kuma gurbin zaɓe, kada ka raina shi. Duk watan Afrilu kulob-kulob suna zaɓar matasa daga jami'o'i, zagaye bakwai, wanda ya fi shan kashi a bara shi ke fara ɗauka. Yaron da aka zaɓa kwantiragin shekara huɗu yake samu, kuma an riga an ƙayyade albashinsa, ba shi da bakin ciniki sosai. In Allah ya sa ka dace da gwani, ka samu aikin babban ɗan wasa a farashin ɗan koyo har shekara huɗu. Shi ya sa gurbi ya fi musu tsabar kuɗi daraja.

Mu Hausawan nan ba mu da yawa. Akwai 'yan Kano da Zariya da Jos, akwai 'yan Zongo daga Kumasi da Akara, akwai 'yan Maraɗi da Damagaram, yawanci ma'aikatan asibiti da direbobin manyan motoci da masu aikin kwamfuta. Maganar Hill ta raba mu gida biyu, kuma da shekaru ta raba mu. Mu da muka girma a gidajen kallon ƙwallo muka ce wannan rowa ce, kulob mai son kofi ba ya sakin gwaninsa, in ma ya saki sai ya karɓi kuɗi ya sayo wani gwanin. Wani dattijonmu ɗan Kumasi, mai goyon bayan Asante Kotoko tun yana yaro, ya ce a garinsu da manajan bai kwana a gidansa ba. Yaran da aka haifa a nan kuwa ko a jikinsu. Ka ga yaro ɗan shekara goma sha huɗu, wanda in ka aike shi kanti sai ya manta canji, ya buɗe waya yana nuna wa ubansa nawa kowane ɗan wasa yake ci daga iyakar albashi, nawa za a rage in an sallame shi kafin watan Yuni, nawa in bayan nan. Su ne suka fahimtar da mu cewa miliyan 120 ɗin nan ta jarida ce. Abin da aka lamunce wa Hill kusan miliyan 72 ne, sauran kuma an tara da yawansa a shekarar ƙarshe, wadda kulob zai iya tsallakewa in ya ga dama. A wannan wasa ba kamar ƙwallon Turai ba ne, ana iya kiran mutum ofis da safe a ce ya kawo kwamfutar kulob ya kwashe kayansa, kuma abin da ba a lamunce ba ya tafi ke nan. Hill da kansa ya faɗa daga baya cewa Jets na New York ma sun nema, amma harajin jiha ya sa ya zaɓi Mayami, domin Fulorida ba ta karɓar harajin albashi. Wannan kam duk mun gane, babu wanda bai taɓa duba takardar albashinsa ya yi tsaki ba.

Maimakon mutum ɗaya mai tsada, Veach ya tara masu araha. Ya ɗauko JuJu Smith-Schuster a kwantiragin shekara ɗaya, ya ba Marquez Valdes-Scantling miliyan 30 na shekara uku, ya zaɓi Skyy Moore a zagaye na biyu, sannan a watan Oktoba ya karɓo Kadarius Toney daga Giants, waɗanda suka gaji da shi. Babban gurbin da ya samu daga Mayami, na 29, bai ma kashe shi a kan mai cafewa ba. Ya haɗa shi da wasu ya hau zuwa na 21 ya ɗauki mai tsaron baya, Trent McDuffie. A kakar nan Mahomes ya yi jifa na yadi 5,250, aka ba shi kyautar gwarzon shekara. Ranar 12 ga Fabrairu, 2023, Chiefs suka doke Eagles 38 da 35 a wasan ƙarshe, kuma Toney da Moore, waɗanda muke yi wa dariya duk shekara, kowannensu ya ci maki shida a zangon ƙarshe.

Kada ka ɗauka dattawan sun yi shiru. Kakar 2023 ta ba su baki sosai. Hill yana can Mayami ya tara yadi 1,799, ya fi kowa a gasar, namu kuwa ƙwallo na faɗo musu a tafin hannu suna zubarwa. A wasan farko da Lions ƙwallo ya zame daga hannun Toney ya faɗa hannun abokin karawa, aka ci mu da shi, muka faɗi 21 da 20. A Nuwamba Valdes-Scantling ya zubar da wanda zai ba mu nasara a kan Eagles saura ƙiris a tashi. A Disamba kuma, da Bills, Kelce ya yi wata bajinta ya jefa wa Toney ƙwallo baya ya ci, alƙali ya soke domin ƙafar Toney ɗin ta haura layi tun kafin a fara. A falon da muke kallo ranar, mai gidan tashi ya yi ya kashe talabijin ya ce a zo a yi sallar Magariba, babu wanda ya ce uffan har aka idar. Sai dai a watan Nuwamban nan an yi wani abu da yaran ba sa gajiya da tuna mana. An kai wasan Chiefs da Dolphins birnin Farankfot na Jamus, Hill ya cafe ƙwallo, McDuffie, wato yaron da aka samu da gurbin da aka karɓa a madadinsa, ya fizge shi daga hannunsa, abokansa suka ɗauka suka kai gida. A Janairu suka sake haɗuwa a filinmu na Arrowhead, sanyi ya kai digiri 20 ƙasa da sifiri, aka fitar da Mayami 26 da 7. Wata guda bayan nan Chiefs suka sake ɗaukar kofi a hannun 49ers, 25 da 22, kuma wanda ya cafe ƙwallon nasara Mecole Hardman ne, wanda aka bari ya tafi Jets aka dawo da shi da ɗan gurbi maras tsada.

Ni dai ra'ayina Veach ya yi daidai, amma ba don dabarar tana aiki ko'ina ba. Yana da Mahomes da Kelce ne. Titans na Tenesi sun yi irin wannan a Afrilun 2022, suka ba Eagles A.J. Brown don kada su biya shi miliyan 100, suka zaɓi Treylon Burks ya maye gurbinsa. A Disamba Brown ya ci su sau biyu a wasa ɗaya, bayan kwana biyu aka kori manajansu Jon Robinson. Kuma ko a namu, ba a yi wa waɗanda suka kawo kofin kara ba. Makonni kaɗan bayan wasan ƙarshe aka sallami Valdes-Scantling don a rage albashi, Toney kuma aka sallame shi a Agustan 2024. Wannan ɓangaren har yau bai kwanta mini ba, yaran kuma sai su ce mini ai kasuwanci ne, Baba.

Game da yadda wasan ya shige mu kuwa, ba wani abin mamaki ba ne. A garin nan duk Juma'ar da ke gaban wasa ja ake sawa, tun daga banki har makarantar firamare, sai ka ga sahun masallaci da jajayen riguna, wani ma ya ɗora tasa a kan kaftani. Ran Litinin a wurin aiki ba a gaisawa da komai sai wasan jiya, wanda bai kalla ba ya zama baƙo. Yara suna zuwa Islamiyya da safiyar Lahadi, a tashi wajen azahar, a taru a gidan wanda falonsa ya fi girma. Turawan gari a wurin ajiye motoci na filin wasa suke gasa naman alade su sha giya tun da hantsi. Mu kuma a bayan gida muke hura gawayi, a sayo naman halal a yi tsire da yajin da wani ya zo da shi daga gida, mata su kawo masa da zoɓo. Sallah ba ta jiran wasa, amma ba zan ɓoye maka ba, ana yawan kai ta hutun rabin lokaci. Abu biyu ne iyaye suka tsaya a kai. Na farko caca: tun da jihar Kansas ta halatta yin fare a kan wasanni a 2022 talla ta cika waya da talabijin, kuma duk yaron da aka kama da ita sai an zauna da ubansa. Na biyu buga wasan da kansa. Iyaye mata da yawa, musamman masu aikin jinya da suka ga abin da karon kai ke yi wa ƙwaƙwalwa, sun hana 'ya'yansu irin na karo, sai dai wanda ake fizge ƙyalle daga ƙugu. In yaro ya matsa, yakan kawo hujja da Christian Okoye, mutumin Inugu da ya buga wa Chiefs ya fi kowa gudu da ƙwallo a 1989. Uwar takan ce ta ji, shi ma uwarsa ce ta bari.

Sai maganar rigar da Abba ya ce a aiko masa. Zan aiko, amma ka gaya masa ba zan sayi mai sunan wani mai cafewa ba, ko Rashee Rice ko Xavier Worthy da yake gani a waya. Lokacin da Hill ya tafi, lambarsa 10 aka ba wani sabon yaro, Isiah Pacheco, kuma mun ga iyaye suna manna salatif a kan tsohon sunan suna rubuta sabon da alƙalami, domin rigar ta haura dala ɗari. Mai lamba 15 zan saya masa, ta Mahomes. Ka turo mini girmansa, ka gaida Hajiya da yaran.