Man kanumfari da ciwon haƙori

Hajiya, kin tambaya ko man kanumfarin da kika saya a kasuwar Kejetia da ke Kumasi, ƙasar Ghana, zai warkar da ciwon haƙorin da ke hana ki barci. Yana rage zogi ƙwarai, domin mafi yawansa sinadarin eugenol ne, wanda ke kashe jin zafi na ɗan lokaci tare da rage ƙwayoyin cuta, shi ya sa likitocin haƙori suka daɗe suna amfani da shi. Sai dai mai ne mai ƙarfin gaske, idan aka shafa shi tsagwaronsa yakan ƙona dasashi. Ki zuba ɗigo biyu a cikin ƙaramin cokali na man kwakwa, ki tsoma ɗan ƙullin auduga, ki ɗora a kan haƙorin kaɗai, kada ki haɗiye yawun. Don Allah ki ɓoye kwalbar daga jikoki, saboda shan ko kaɗan yana iya lalata hantar yaro. Kogon haƙori kuwa mai ba ya toshe shi, don haka idan kunci ya kumbura ko zazzaɓi ya biyo baya, ki tafi sashen haƙori na asibitin Komfo Anokye da ke Kumasi a ranar.