Shanyewar jiki a ƙeya: yaushe ake kaiwa ga tiyata?

Tambaya: Likita, mahaifinmu ya tashi da jiri da amai, yana tafiya yana tangaɗi, amma hannu da ƙafa lafiya lau. An ce shanyewar jiki ce. A kwana na uku barci ya yi ta ɗaukarsa, yanzu ana maganar tiyata. Me ya faru?

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya. Jijiyar da ta toshe ita ce mai kai jini ƙaramar ƙwaƙwalwa, wadda ke ƙeya tana kula da daidaiton tafiya, shi ya sa gaɓoɓinsa ba su mutu ba. Wurin nan matsattse ne ƙwarai. Naman da ya rasa jini yakan kumbura, kumburin ya fi tsananta daga kwana na 2 zuwa na 4, sai ya danne 'yar hanyar da ruwan ƙwaƙwalwa ke bi. Ita kuwa ƙwaƙwalwa kusan rabin lita take samarwa kullum, ba ruwanta da an toshe. Ruwa ya taru a sama, a ƙasa kuma kumburi ya tura nama cikin ramin gindin ƙoƙon kai, daidai inda cibiyar numfashi take. Barcin da kuka gani alamar haka ce. Idan likitocin sun ce yau, kada ku ce sai dangi sun hallara.

Tambaya: An sa wa yayata robar zuƙe ruwa a kai, kuma aka ce za a cire ƙashin ƙeyarta. Robar ba ta isa ba?

Amsa: Wani lokaci takan isa. Amma robar ruwa kawai take ragewa, kumburin yana nan. Idan ma aka zuƙe saman da yawa, naman yana iya turawa sama. Cire wani yanki na ƙashin ƙeya shi ke ba shi sarari. Robar ta 'yan kwanaki ce; wasu ne kawai ke buƙatar ta dindindin, wadda ake bi da ita ƙarƙashin fata daga kai zuwa kogon ciki.

Tambaya: Mijina zai koma yadda yake bayan aikin?

Amsa: Da yawa suna tashi da hankalinsu da maganarsu, in dai an yi aikin kafin dogon suma, kuma tushen ƙwaƙwalwa, inda cibiyar numfashi take, bai taɓu ba. Tangaɗi kan daɗe, sai da motsa jiki a asibiti. Maganin hawan jini kuwa, Hajiya, ki tsaya a kansa ya riƙa sha kullum.