Wai sai an sha wani abu ake gane kiɗan Coltrane?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana akwati cike da faya-fayan garmaho na jaz, wato wani salon kiɗa na Baƙaƙen Amurka. Ni iyakata masu sanyi irin su Kind of Blue. Ƙanena mai shekara 19, wanda ke koyon busa saksofon, shi ya liƙe wa sauran, su A Love Supreme da Karma da Ascension, waɗanda a kunnena hayaniya ce kawai. Abin da ya hana ni barci shi ne na ji abokinsa yana gaya masa wai wannan kiɗan 'yan ƙwaya ne, ba a gane shi kuma ba a iya busa shi sai an ɗan taɓa. In kwashe faya-fayan in ɓoye ne? In ba haka ba, wanne ya kamata ya saurara? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya gafarta wa Baba, ya kai haske kabarinsa. Kada ki ɓoye faifai ko ɗaya. Abokin nan shi ne abin sa wa ido, kuma kin yi daidai da hankalinki ya tashi.

Maganar abokin nan ta ishe ni. Ina jinta a bakin ɗalibai, ina jinta a ɗakunan ɗaukar waƙa, inda wani da bai taɓa riƙe abin busa na awa ɗaya ba zai zauna yana koya wa yara wai basira a cikin kwalba take. Ban ce babu masu shaye-shaye a tarihin jaz ba. Akwai su, kuma da yawa. Sai dai masu yaɗa wannan magana rabin labarin suke bayarwa, su haɗiye rabin da ya fi muhimmanci.

Charlie Parker, shahararren mai busa saksofon na Amurka, shi ne wanda suka fi kafa hujja da shi. To, Parker da bakinsa ya gaya wa abokin sana'arsa Paul Desmond a wata hira ta rediyo a 1954 cewa ya yi shekara uku zuwa huɗu yana gwajin busa na awa 11 zuwa 15 a kullum. Daga nan saurin yatsun nan ya fito. Ita hodar iblis irin ta allura abin da ta ba shi daban ne: ta sa yana jinginar da saksofon ɗinsa don ya samu na saye, ta kuma kai shi kabari a watan Maris na 1955 yana da shekara 34. Likitan da ya duba gawarsa ya ɗauka ta ɗan shekara hamsin da wani abu ce. Ki gaya wa ƙanenki wannan, shi kuma ya kai wa abokinsa.

Shi John Coltrane, mai busa saksofon da ya yi A Love Supreme da Ascension, labarinsa ya fi fitowa fili. A watan Afrilu na 1957 Miles Davis, mai faifan Kind of Blue da kike so, ya kore shi daga ƙungiyarsa saboda allura da giya sun sa ba a iya dogara da shi. Ya koma gida Filadelfiya, ya kulle kansa a ɗaki, ya yi fama har ya rabu da su. Sai bayan nan ya yi aiki da mai kaɗa fiyano Thelonious Monk, ya ɗauki Blue Train a watan Satumba na wannan shekara, ya ɗauki Giant Steps a 1959, wanda har gobe ɗaliban busa ke gumi a kansa. Duk abin da ya sa muke kiran sunansa yau bayan ya bar allura ya yi shi. A bangon faifan A Love Supreme da ke cikin akwatinku ya rubuta da kansa cewa a 1957, da yardar Allah, zuciyarsa ta farka, kuma faifan godiya ce ga Mahalicci. Wanda ya ce wannan faifai na 'yan maye ne ko bangonsa bai karanta ba.

Wannan mugun zato ya taɓa cin rai ta wata fuska. Eric Dolphy, mai faifan Out to Lunch! na 1964, mutum ne da abokan sana'arsa suka shaida ba ya shan komai. Ya faɗi a Balin ta ƙasar Jamus a watan Yuni na wannan shekara, ciwon sukari ne da ba a san yana da shi ba. Abokansa sun ba da labarin cewa da aka ga baƙar fata ne mai busa jaz, sai aka ɗauka ƙwaya ce ta kayar da shi, aka bar shi ya wartsake. Ya rasu yana da shekara 36.

Sannan a duba ta fannin jiki. Saksofon numfashi ne. Kodin kuwa danne numfashi yake yi, tiramol kuma yana iya jawo farfaɗiya in an zarce. Na taɓa koyar da wani yaro mai kunne na ban mamaki, wanda sau ɗaya zai ji take ya maimaita. Wata rana ya buɗe jakar abin busarsa, kwalbar sirop ta gangaro ƙasa tsakanin ƙafafunmu. Ban yi masa faɗa ba. Na ce ya busa min sauti ɗaya tak ya riƙe, na zuba wa agogo ido. Wanda a da yake wuce daƙiƙa ashirin ba tare da sautin ya girgiza ba, ranar bai kai goma ba, leɓɓansa suna rawa, iska tana zurarewa ta gefe. Shi kuma a ransa gani yake bai taɓa busa mai daɗi irin ta ranar ba. Abin da kwalbar ke yi ke nan, ta lalata busar, ta kuma toshe kunnen da zai gane ta lalace. Mai algaita da ke ƙofar fada yana cika kumatu, yana shaƙar iska ta hanci, sautin bai yanke ba har sarki ya wuce. Wa ya taɓa cewa maye ne ya koya masa? Tun yana yaro yake bin ubangidansa.

Yanzu ga abin da kika kira hayaniya. A Love Supreme an ɗauke shi a zama ɗaya, ranar 9 ga Disamba 1964, mutum huɗu: Coltrane, McCoy Tyner a fiyano, Jimmy Garrison a bas (babban abin kiɗa mai tsirkiya da kaurin murya), Elvin Jones a ganguna. Ki saurari farkonsa. Bayan an buga farantin ƙarfe Coltrane ya yi ɗan kira, sai Garrison ya shigo da sauti huɗu yana maimaitawa. Waɗannan huɗun su ne ginshiƙin sashen farko na faifan. Can wajen ƙarshe Coltrane zai ɗauke su ya yi ta zagayawa da su daga wannan murya zuwa waccan har ya bi duka muryoyi goma sha biyu da kiɗan Turawa ke da su, sannan ya sauke saksofon ya rera sunan faifan da baki a kan sautukan nan. Mai maye ba ya wannan lissafin.

Karma na Pharoah Sanders, na 1969, kusan duka waƙa ɗaya ce mai tsawon minti 32. Tana farawa da daɗi, Leon Thomas yana rerawa yana karya murya a maƙogwaro, sai a tsakiya saksofon ya ɓarke da kururuwa, daga baya komai ya lafa. Kururuwar nan fasaha ce da ake koya, ta fitar da sauti biyu ko uku lokaci ɗaya daga abin busa ɗaya, kuma tana buƙatar iko da leɓe da maƙogwaro. In akwai Tauhid ko Summun Bukmun Umyun na 1970 a akwatin, su ma na Sanders ne, kuma sunan na biyun za ki gane shi daga aya ta 18 a Suratul Baƙara.

Ascension kam ƙanenki ya ɗan dakata da shi. Mutum 11 ne suka taru a watan Yuni na 1965, suna busa gaba ɗaya sannan su ba wa ɗaya fili, haka har kusan minti arba'in. Ina girmama faifan, amma yaron da bai gama gyara sautinsa ba zai iya ɗauka duk wanda ya yi ihu da saksofon ya zama Coltrane. Ya fara da The Shape of Jazz to Come na Ornette Coleman, na 1959, musamman Lonely Woman, inda ganga ke gudu, busa kuma tana tafiya a hankali kamar mai makoki. Ke kuma da kike son mai sanyi, nemi Journey in Satchidananda na Alice Coltrane, matar John Coltrane, na 1971. Bas yana tsaye a kan zagaye ɗaya, ita tana zuba sautin tsirkiyoyin abin kiɗanta a kai kamar yayyafi, Sanders kuma yana busa a natse.

Wanda na fi so ƙanenki ya sani shi ne Yusef Lateef, don ya zauna a garinku. Mutumin Detroit ne, Musulmi, wanda ya yi aikin bincike daga 1981 zuwa 1985 a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello, inda ya duƙufa kan sarewar Fulani. Shi da Ziky Kofoworola suka rubuta littafi kan kiɗa da wasannin Hausa, wanda ya fito a 1987, ya kuma ɗauki faifai mai suna In Nigeria a Legas a 1983. Amma faifansa da ya fi cancanta a koma masa shi ne Eastern Sounds na 1961. Waƙar farko, The Plum Blossom, ya busa ta da wata 'yar sarewar yumɓu ta Sin mai siffar ƙwai, wadda sautukanta ba su da yawa, amma ya yi magana da su har ta ratsa zuciya. A wasu wuraren kuma ya ɗauki algaitar Turawa. Lateef ya rayu shekara 93, ya rasu a watan Disamba na 2013, yana koyarwa yana rubuta kiɗa har cikin tsufansa.

Game da yaron, kada ki tsare shi da tuhuma alhali ba ki ga komai ba. Amma in kin lura da barcin rana mai nauyi, ko magana tana jan ƙafa, ko kwalabe a ɗaki, ku tafi asibiti wajen likitan ƙwaƙwalwa. Kada ku kai shi gidan da ake sa mari ana duka da sunan gyaran tarbiyya.

Faya-fayan a jera su a tsaye, nesa da rana, a goge da ƙyalle mai laushi, kada kowa ya kusance su da kananzir. Ranar da kika samu sarari ki ce ya sa miki sashe na huɗu na A Love Supreme, mai suna Psalm, ki buɗe bangon inda addu'ar Coltrane take a rubuce, ku bi ta tare da yatsa. Busar tana bin kalmomin gaɓa bayan gaɓa, yadda kalangu ke faɗin kirari, tun daga layin farko har zuwa amin.