Kurakurai sun yi yawa a shafinmu, wanne zan fara gyarawa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ne ke kula da shafin intanet na wata ƙungiya, inda mambobi ke yin rajista da biyan kuɗin shekara. Wata mamba mai lalurar gani ta kawo ƙorafi cewa ba ta iya amfani da shi. Na sa manhajar WAVE, mai gano abubuwan da ke hana masu lalura amfani da shafi, ta duba mini, sai ga kurakurai sama da 400. Ni kaɗai ne a kan aikin, lokacina kuma kaɗan ne. Ta ina zan fara?

Daga wani mai karatu

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka da alheri da ka ɗauki ƙorafin nan da muhimmanci. Ajiye jerin nan na 400 tukuna. Kira baiwar Allahn nan ka tambaye ta abu biyu: me ta zo yi a shafin, kuma a ina ta maƙale? Wurin da ta nuna maka, nan ne aikinka na farko.

Dalilina shi ne manhaja ƙirge kawai ta iya, ba ta san nauyin abin da ta ƙirga ba. Na taɓa zama kusa da wani abokina makaho yana cike fom ɗin neman aiki da NVDA, manhajar nan ta kyauta mai karanta wa mutum abin da ke kan allo. Shafin cike yake da hotunan ado marasa bayani, ya tsallake su bai ko damu ba. Ya sa sunansa, ya sa lambar waya. Da ya zo ranar haihuwa sai wata 'yar kalanda ta buɗe, wadda ba a zaɓar rana a cikinta sai da linzamin kwamfuta (mouse). Ya danna Tab, ya sake dannawa, ya koma baya, ya dawo, muryar tana ta maimaita masa abu guda. Can sai ya cire abin kunnensa ya turo mini kwamfutar, ya ce, "Karɓi ka ƙarasa mini." Mutum ne da ba ya son a yi masa abin da zai iya da kansa, kuma har yau ina tuna yadda ya faɗi maganar. Akwati ɗaya tak ya tare shi, irin wanda manhajar bincike kan iya wucewa ba ta ce uffan ba.

Don haka ka rubuta abubuwa biyu ko uku da ke kawo mutane shafinku. A naku a fili suke: shiga, rajista, biya. Sai ka ture linzami gefe, ka bi su daga farko har ƙarshe da madannai kaɗai, Tab don ci gaba, Shift da Tab don komawa, Enter don dannawa, Esc don rufe abin da ya buɗe. Kana ganin inda kake a kan allon? Akwai maɓallin da ba ka iya isa gare shi? Akwai akwatin da in ka shiga ba ka fita? Bayan nan ka kunna mai karanta allo na waya, TalkBack a wayar Android ko VoiceOver a iPhone, ka sake bi. In ka ji muryar ta ambaci maɓalli ba ta faɗi na mene ne ba, ko ta kai ka gurbin rubutu ba ta ce suna ake so ko lambar sirri ba, ka rubuta. Ka lura kuma da abin da ke faruwa in an yi kuskure a fom. Da yawa gurbin ne kawai ke yin ja, wanda ba ya gani kuwa bai san an yi ba, sai ya yi ta danna "aika" shiru.

Duk abin da ya hana mutum kammalawa a wannan hanya, shi ne sahun gaba, ko da sau ɗaya ya bayyana a duk shafin.

Akwai wasu matsaloli huɗu da su ma ba sa jira. Ƙa'idojin WCAG na sauƙaƙa wa masu lalura amfani da shafuka, waɗanda ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin intanet ke fitarwa, na baya-bayan nan 2.2 a shekarar 2023, sun ware su musamman saboda kowannensu kan iya lalata shafi gaba ɗaya: sauti mai tashi da kansa fiye da daƙiƙa 3 ba wurin kashewa, wanda ke danne muryar mai karanta allo, tarkon da madannai ba sa fita daga cikinsa, abu mai motsi da ba a iya tsayarwa, da walƙiya fiye da sau 3 a daƙiƙa guda, wadda kan tayar wa mai farfaɗiya ciwonsa. Na ƙarshen nan batun lafiyar mutum ne, in akwai shi a cire yau.

Yanzu koma kan jerinka, za ka ga bai kai yadda ya tsorata ka ba. Da alama yawancin 400 ɗin nan kuskure guda ne da ke maimaita kansa, domin yana zaune a saman shafi ko ƙasansa ko jerin zaɓuɓɓuka, waɗanda kowane shafi ke ɗauka. Cibiyar WebAIM, masu WAVE ɗin da ka yi amfani da ita, tun 2019 suke duba shafukan farko na gidajen intanet miliyan ɗaya kowace shekara, kuma kullum abin da ke kan gaba shi ne rubutu mai dishi-dishi, wanda launinsa bai fita sosai daga na bayansa ba. Ma'aunin bambancin launi da ake so shi ne 4.5 bisa 1 ga rubutu na yau da kullum, 3 bisa 1 ga rubutu mai girma. Sau da yawa sauya lambar launi ɗaya a fayil ɗin CSS, wanda ke tsara kamannin shafi, ya wadatar, kurakurai masu yawa su ɓace lokaci guda, dattawa da masu karatu a waya cikin hasken rana su ji daɗi. Haka nan sanya harshen shafi, "ha" in Hausa ne, aikin minti ɗaya ne.

Hotuna kuwa kada ka bi su a jere. Fara da masu ɗauke da saƙo, musamman sanarwar da aka rubuta a jikin hoto aka liƙa, ranar taro da wuri duk a ciki. Ga makaho wannan sanarwa kamar ba a yi ta ba ne, sai an sake rubuta ta da haruffa a ƙasa. Na ado a bar gurbin bayaninsu, wanda muryar ke karantawa a madadin hoto, fanko don muryar ta wuce su.

In abu biyu suka yi maka kunnen doki, duba matakinsu a WCAG: na A, wato mafi zama dole, ya riga na AA, shi kuma AAA, mafi tsauri, ka bar shi sai gaba. Tsofaffin labarai da takardun PDF na shekarun baya su ne ƙarshe, sai dai wanda wani ya nema.

Za ka ci karo da tallan wasu manhajoji da ke cewa layi ɗaya za ka liƙa su gyara komai. Ban ba ka shawarar su ba. Ba za su gyara irin kalandar nan ba, kuma makafi da dama sun koka cewa shiga suke yi tsakaninsu da manhajar da suka saba da ita.

Idan ka gama gyaran hanyar rajista da biya, kada ka rufe maganar sai ka sake kiran baiwar Allahn nan, ka roƙe ta ta gwada da wayarta ko kwamfutarta, kai kuma kana saurare har ta ji saƙon cewa kuɗinta sun shiga.